Kimiyyar Fentin Feshi Mai Ruwan Azurfa: Me Ya Sa Wani ke Sheƙi, Wani ke Dusashewa?

Gabatarwa

A ƙasashe irin su Ingila da Amurka da Japan akwai wata sha'awa da yara da manya suka daɗe suna yi, wato harhaɗa ƙananan samfuran jiragen sama da motoci da jiragen ruwa. Kamfanoni kamar Airfix na Ingila da Tamiya na Japan sukan ƙera sassan abin da roba su zuba a kwali, mai saye ya zauna ya liƙa su ɗaya bayan ɗaya har siffar ta fito, sa'an nan ya yi mata fenti. Aikin yakan ci makonni. A makarantunmu na sakandare ma, 'yan ƙungiyar kimiyya da fasaha sukan ƙera samfurin roka ko inji ko jirgi domin baje koli, kuma da yawansu sukan so abin ya fito da launin ƙarfe. A nan ne akan sha mamaki. Ɗalibi zai sayo gwangwanin fenti wanda murfinsa ke walƙiya kamar madubi, ya fesa, amma abin da zai gani a jikin samfurinsa toka-toka ne mai kaushi, ko kuwa dabbare-dabbare, ko fentin ya gangaro ya yi hawaye. Cikin daƙiƙa goma an ɓata aikin wata guda.

Galibi akan ɗora wa fentin laifi, a ce jabu ne. Wani lokaci haka ne, amma mafi yawan lokuta matsalar tana ga abin da ya faru a cikin mintoci kaɗan tsakanin fitar fentin daga gwangwani da bushewarsa.

Abin da ke cikin gwangwani

Wani injiniya ɗan ƙasar Norwe mai suna Erik Rotheim ne ya fara samun rajistar ƙirƙirar gwangwanin feshi, a birnin Oslo. A 1949 kuwa Edward Seymour ya zuba fenti a cikinsa a jihar Ilinoyi ta Amurka, kuma launin da ya fara da shi na alminiyo ne.

Abubuwa huɗu ne a cikin gwangwanin. Akwai danƙo, wanda shi ne ke zama a jikin abin da aka fesa ya riƙe launi. Akwai ruwan da ke narkar da danƙon, wanda masu fenti ke kira tina, kuma shi ƙafewa yake yi ya bi iska. Akwai iskar gas mai turo fentin waje, yawanci furofen da butan, irin wadda ake girki da ita, an matse ta har ta zama ruwa. A da sinadaran CFC ne ke wannan aiki a gwangwanayen feshi da dama, har sai da masana biyu, Mario Molina da Sherwood Rowland, suka nuna a 1974 cewa suna lalata rufin ozon na sararin samaniya. Amurka ta hana amfani da su a yawancin gwangwanayen feshi a 1978, sannan yarjejeniyar Montiriyal ta 1987 ta sa duniya ta yi watsi da su sannu a hankali. Abu na huɗu shi ne launin, kuma a nan fenti mai ruwan ƙarfe ya sha bamban da sauran.

Launin jan fenti ko shuɗi gari ne, ƙwayoyinsa dunƙulallu, ko ta wane gefe suka kwanta launinsu ɗaya ne. Na azurfa kuwa, duk da sunansa, babu azurfa a ciki. Ƙananan fallayen alminiyo ne, kowane ɗaya shimfiɗaɗɗe kamar kwabo ko ganye. Akan samo su ta hanyar zuba garin alminiyo a cikin wata ganga mai juyawa tare da ƙwallayen ƙarfe da ruwan tina da ɗan maiƙo, ƙwallayen su yi ta dukan garin har kowace ƙwaya ta baje. A jiƙe ake yin wannan niƙa, domin busasshiyar ƙurar alminiyo tana iya kamawa da wuta ta fashe. Faɗin falle ɗaya yakan kama daga maikiron 5 zuwa 50, kaurinsa kuwa sau da yawa bai kai maikiron ɗaya ba. Maikiron shi ne kashi ɗaya cikin 1,000 na milimita, kuma kaurin gashin kan mutum yana wajen maikiron 70. Fentin ruwan zinariya shi ma haka yake, sai dai ko a yi fallayensa da haɗin jan ƙarfe da tutiya, ko a rina na alminiyo da launin ɗorawa mai garai-garai.

Nauyin alminiyo giram 2.7 ne a kowace santimita mai murabba'i uku, na tina kuwa bai kai giram ɗaya ba. Saboda haka fallayen sukan kwanta a gindin gwangwani su daskare. Wannan ne amfanin 'yar ƙwallon da ake jin ƙararta a ciki. Wanda ya girgiza sau biyar ya fara feshi, danƙo da tina kawai zai fara fitarwa. Ana buƙatar girgiza ta minti biyu cur bayan an fara jin ƙarar ƙwallon, a kuma riƙa maimaitawa tsakanin shafe da shafe.

Dubban madubai

Kowane falle ƙaramin madubi ne. Dokar madubi kuwa sananniya ce ga duk ɗalibin fizik: kusurwar da haske ya faɗo da ita, da ita yake komawa. Idan dubban madubai suka kwanta a shafe guda, duk suna fuskantar sama, to hasken da ya sauka a kansu zai koma wuri ɗaya, ido ya gan shi tamkar daga ƙarfe guda ya fito. Idan kuwa wannan ya karkata gabas, wancan yamma, wani ya tsaya a kan gefensa, hasken zai watse ko'ina, abin da ido zai gani shi ne launin toka. Alminiyon da ke cikin fenti mai sheƙi da wanda ke cikin dusasshe iri ɗaya ne, yawansa ɗaya; kwanciyar ce ta bambanta.

To, mene ne ke kwantar da fallayen? Ba hannu ba ne, ba kuma nauyinsu ba ne, domin ko a jikin bango a tsaye suna kwanciya daidai da fuskar bangon. Bushewa ce ke yin aikin. Mafi yawan abin da ya sauka a jikin samfuri tina ne. Yayin da tinan ke ƙafewa, shafen fentin ba ya iya tsukewa ta faɗi tunda ya manne, sai dai ya rage kauri, kuma a cikin wannan lotsawa yake danne fallayen su miƙe.

Ana iya ƙiyasta abin da lissafi. A ɗauka, alal misali, jiƙaƙƙen shafe yana da kaurin maikiron 60, kuma kashi ɗaya cikin biyar nasa ne kawai danƙo da launi. Bayan bushewa kaurin zai koma maikiron 12. A ce wani falle ya jingina a kusurwar digiri 45, wato tashinsa sama daidai yake da tafiyarsa gefe. Idan tashin ya ragu zuwa kashi ɗaya cikin biyar, tanjan na kusurwar ya sauko daga 1 zuwa 0.2 ke nan, wanda teburin lissafi zai nuna cewa kimanin digiri 11 ne. Falle da ya kusa tsayawa ya kusa kwanciya, ba tare da kowa ya taɓa shi ba. Wannan ne dalilin da ya sa fenti tsararo yake fin mai kauri ƙyalli.

Abin lura shi ne wannan aiki yana da ƙayyadadden lokaci. Dole shafen ya kasance da isasshen ruwa domin fallayen su samu damar juyawa, dole kuma ya kafe da wuri domin kada su sake tashi. Kusan dukkan kurakuran feshi suna komawa ga ɗayan waɗannan biyu.

In ruwa ya gaza, in kuma ya yi yawa

Idan aka riƙe gwangwani da nisa, ko aka yi feshi cikin zafin rana ko iska mai kaɗawa, ɗigon fentin yakan rasa tinansa tun yana kan hanya, ya iso kusan a bushe. Irin wannan ɗigo ba ya bajewa, sai dai ya zauna a kan ɗan'uwansa kamar rairayi, fallayen cikinsa kuma su daskare yadda suka faɗo. Sakamakon shi ne fuska mai kaushi, fara-fara, wadda hannu ke ji kamar samfefa. Idan ɗigon ya ɗan baje amma bai gama haɗewa ba, sai a samu gurɓi-gurɓi irin na ɓawon lemo.

Ɗaya gefen ya fi ban sha'awa. Idan aka matso kusa, ko hannu ya tsaya a wuri ɗaya, fenti yakan taru ya yi kauri. Saman shafen yana rasa tina, yana yin sanyi, ɗaurin fuskarsa yana ƙaruwa, alhali ƙasansa na nan tsararo. Wannan bambanci yakan sa ruwan ya shiga juyawa, na ƙasa ya hau, na sama ya sauka, a cikin ƙananan da'irori masu kama da saƙar zuma. Wani masani Bafaranshe, Henri Bénard, ya yi bayanin irin waɗannan da'irori a 1900, lokacin da yake ɗumama siririn ruwa daga ƙasa, kuma har yau da sunansa ake kiran su. A cikin jan fenti ba kasafai ido ke kama su ba. A cikin na azurfa kuwa, juyawar takan kwashi fallaye ta tara su a wani wuri ta karkatar da su a wani, sai fuskar ta fito da duhu-duhu da haske-haske kamar gajimare. In abin ya wuce haka, nauyi ya rinjaya, fentin ya gangaro ya yi hawaye.

Tsakanin waɗannan biyu ne daidai yake, kuma abin da masu wannan aiki suka saba bi bai da wuya. Tazara tsakanin bakin gwangwani da samfuri ta zama santimita 20 zuwa 30, wato taƙi ɗaya ko fiye kaɗan. A danna maɓalli a gefen samfurin, ba a kansa ba, a ratsa shi da tafiya guda ba tsayawa, sai an wuce a saki, domin farkon feshi da ƙarshensa su ne ke tofar da manyan ɗigo. Shafen farko ya zama yayyafi kawai, wanda ba ya rufe launin ƙasa. Bayan minti 10 zuwa 15 a ƙara na biyu da na uku, kowane ya ɗan jiƙa fuskar har ta yi sheƙi amma ba ta kwanta ruwa ba. Gaggawar rufe komai a shafe guda ita ce ta fi kowane kuskure ɓata aiki.

Shimfiɗa

Shafen da kaurinsa bai wuce maikiron 10 ko 15 ba ba ya ɓoye komai, yana bin duk tudu da kwarin da ya tarar. Fentin da ba ya sheƙi yakan rufa wa ƙarzuwa asiri saboda dama watsa haske yake yi, amma na azurfa tona ta yake yi, domin fallayen da suka faɗa cikin ƙarzuwar za su karkata su aika haskensu wani wuri dabam. Tsawon zangon hasken da ido ke gani yana tsakanin maikiron 0.4 da 0.7, kuma fuska ba ta zama madubi sosai sai kaushinta ya gaza wannan ƙwarai. Ba a kai wa wannan matsayi da samfefa kaɗai, amma kowane mataki yana ƙara kusantarwa.

Saboda haka rabin aikin kafin a buɗe gwangwani ake yin sa. A cike tsagar da ke wurin haɗin sassa, a goge da samfefa mai lamba 400, sannan 600, sannan 1000, har zuwa 2000, ana jiƙa ta da ruwa. Ƙwayar yashin lamba 400 tana da girman maikiron 35 ko kusa, ta 1000 wajen 18, ta 2000 wajen 10, kuma aikin kowace shi ne share sawun wadda ta gabace ta. Wanda ya tsallake daga 400 zuwa 2000 zai ga layukan 400 suna kallonsa bayan ya fesa azurfa. Daga nan a wanke samfurin da sabulu, domin cire maiƙon yatsu da na masana'anta, a bar shi ya bushe, a fesa fentin shimfiɗa, a sake gogawa a hankali.

Masu neman ƙyalli irin na madubi sukan shimfiɗa baƙin fenti mai sheƙi tukuna. Hikimar biyu ce: sheƙinsa yana ba fallayen shimfiɗa mai santsi, baƙinsa kuma yana shanye hasken da ya kutsa ta tsakanin fallaye, maimakon ya dawo a watse ya gurɓata wanda madubai suka mayar.

Akwai kuma batun ma'auni, wanda ba kowa ke tunawa da shi ba. Jirgin yaƙin Amurka samfurin P-51 Mustang yana daga cikin waɗanda aka fi yi wa fentin azurfa, domin tun daga 1944 yawancinsu ba a shafa musu launin ɓad-da-kama ba, a farin ƙarfensu suka tashi. Faɗin fukafukinsa mita 11.3 ne. A ma'aunin 1:72, wanda aka fi amfani da shi, bai kai santimita 16 ba. Ke nan duk abin da ke jikin samfurin a ninka shi sau 72: silin gashi ɗaya da ya maƙale a fenti ya zama igiya mai kaurin milimita 5, falle mai faɗin maikiron 40 ya zama tabo na kusan milimita 3. Wannan ya sa fentin mota mai manyan fallaye yake sa ƙaramin jirgi ya yi kama da kayan kwalliya. Mai laushin fallaye ake nema. Wani abin lura game da wannan jirgi shi ne, a masana'anta ma cike gurɓin fukafukansa aka yi, aka goge, aka fesa musu fentin alminiyo domin iska ta bi ta kansu sumul. Wato mai samfuri da maƙeran jirgin aiki iri ɗaya suka yi.

Abin da aka yi samfurin da shi ma yana da magana. Robar waɗannan samfura folistirin ce, kuma tina mai ƙarfi kamar asiton ko toluwin yana cin ta, ya bar fuskarta a yamutse. Farar kumfar da ake tallafe rediyo ko talabijin da ita a cikin kwali ita ma folistirin ce, sai dai fiye da kashi 90 cikin 100 nata iska ce, don haka feshi ɗaya yana iya narkar da ita nan take. Ɗaliban da ke aiki da ita, ko da katako ko kwali ko kara, sai su fara toshe fuskar da farin gam na kafinta da aka tsinka da ruwa, shafe biyu ko uku, su goge, sannan su yi feshi.

Yanayi

Kowa ya san sanyin da fetur ko turare ke sa wa fata yayin da yake ƙafewa. Haka tina ke sanyaya fuskar da aka fesa. Idan zafin gari digiri 30 ne a ma'aunin santigiret, laimar iska kuma kashi 80 cikin 100, kamar yadda akan samu da damina, raɓa takan fara sauka a kan duk abin da sanyinsa ya kai digiri 26. Ragin digiri 4 kacal ke nan, kuma tina mai saurin ƙafewa yana iya yin fiye da haka. Ruwan da ya sauka ya gauraya da danƙo, sai fentin ya bushe da wani fari-fari kamar hazo. Saboda haka a guji feshi da sassafe ko bayan an ɗauke ruwa.

Da hunturu matsalar ta juye. Idan laima ta sauka zuwa kashi 15 cikin 100 a wannan zafi, raɓa ba za ta sauka ba sai sanyi ya kusa digiri 1, don haka babu fargabar hazo. Amma ƙura ta cika iska, kuma roba in an goge ta da tsumma a busasshen yanayi takan tara wutar lantarki ta gogayya, irin wadda ke sa mataji ya ɗauki gutsattsarin takarda, sai ta riƙa jawo ƙurar. Maganin shi ne a yayyafa ruwa a ƙasa, a share samfurin da tsumma mai ɗanshi, a kuma kifa masa tsabtataccen kwali da zarar an gama feshi.

Shi kansa gwangwanin yana jin yanayi. Ƙarfin turawarsa ya dogara ga zafin gas ɗin ciki, kuma gas ɗin yana sanyi yayin da ake feshi. Gwangwani mai sanyi manyan ɗigo yake fitarwa. Tsoma shi cikin ruwa mai ɗumi, wanda hannu zai jure ba tare da ƙona ba, na minti biyar yana gyara wannan. Amma ko kusa kada a kai shi wuta ko tafasasshen ruwa. An rubuta a jikinsa kada zafi ya wuce digiri 50, kuma cikin rufaffiyar mota da bazara yana wuce haka. Furofen da butan sun fi iska nauyi, suna kwanciya a ƙasa su bi har inda murhu ko fitila take. Tururin tina kuma yana sa jiri da ciwon kai, yawan shaƙarsa yana illa ga ƙwaƙwalwa, kuma takunkumin tsumma ba ya tare shi. A yi feshi a fili cikin inuwa, iska tana bayan mai fesawa, malami yana tsaye.

Bayan feshi

Fenti yakan bushe ga taɓawa cikin mintoci, amma ƙarfinsa sai bayan kwana ɗaya ko fiye. Nau'in da ke bushewa ta ƙafewar tina kawai, kamar selulos na masu fentin mota, ana iya ƙara masa shafe a kowane lokaci. Fentin mai kuwa haɗuwa yake yi da iskar oksijin ya ƙanƙare sannu a hankali, kuma idan aka ƙara masa shafe a tsakiyar wannan sauyi, ko aka fesa masa selulos a kai, yakan tattare kamar fatar tsoho. Shi ya sa ake karanta lokacin da aka rubuta a jikin gwangwani.

Mutane da yawa sukan rufe aikinsu da banish domin kariya, sai su ga ƙyallin ya mutu. Dalili shi ne, a fentin da ya fi walƙiya, maiƙon da ke jikin fallayen yana sa su taso su yi layi a can saman shafen, inda babu danƙon da ya rufe su. Wannan ne ke ba su haske, shi ne kuma ke sa su goge a yatsa. Tinan banish yana tayar da su daga kwanciyarsu. Fentin da fallayensa ke nutse cikin danƙo bai kai wancan walƙiya ba, amma yana karɓar banish lafiya. Samfurin da za a ajiye a akwatin gilashi ya fi dacewa da na farko, wanda alƙalan baje koli za su ɗauka su juya kuwa da na biyu.

Gwaji a aji

Malami zai iya nuna duk wannan da gwangwani ɗaya da cokulan roba shida, domin bayan cokali yana da santsi da lanƙwasa irin na samfuri. A sa musu lamba. Na 1 a fesa masa shafe uku marasa kauri daga santimita 25. Na 2 daga santimita 60. Na 3 daga santimita 10, shafe ɗaya mai kauri. Na 4 a fara karce shi da samfefa lamba 400, sannan a yi masa irin na farko. Na 5 a danna masa babban yatsa bayan an shafi goshi. Na 6 a shimfiɗa masa baƙin fenti mai sheƙi kwana biyu kafin ranar gwajin.

Washegari a shiga ɗaki mai duhu, a haska kowane cokali da tocila daga tazara ɗaya, ɗalibai su auna faɗin farin tabon hasken da ke bayansa da rula. Inda fallaye suka kwanta sosai tabon zai zama ƙarami mai kaifi, gefen cokalin kuma ya yi duhu. Inda suka watse tabon zai baje, cokalin ya zama launi ɗaya ko ta ina aka dube shi. Ɗalibai su jera cokulan daga mafi ƙanƙantar tabo zuwa mafi faɗi, kowa ya rubuta dalilin matsayin kowane ɗaya. Kafin a ajiye gwangwanin, a kifa shi a danna maɓalli na daƙiƙa biyu ko uku har sai gas zalla ke fita, domin kada fallaye su bushe su toshe bakinsa.